Buhun Ƙaiƙayi a Gonar Malam Baballe

"Basir ne," in ji Badamasi. "Wallahi ka yarda da ni, basir ne. Ƙanen babanmu haka ya yi ta fama, da ya sha jiƙo sai ga shi yana tsere da babur."

"Kai komai basir," Abdulsamad ya ce, bai ko ɗago daga kan keken ɗinki ba. "Ranar da wayarka ta ƙi kunnuwa ma basir ka ce."

"To ba ta tashi ba?"

"Caji aka yi mata, Badamasi."

Badamasi ya ƙyalƙyale da dariya har da dukan cinya. Daga injin gyaran shinkafa ya taso, inda yake aiki, girarsa duk ta yi fari da ɓuntu kamar wani ƙaramin tsoho. Kullum in ya tashi aiki, a kan bencin shagon abokinsa yake yada zango, ya sha ruwan sanyi, ya ba da shawarar da ba wanda ya nema.

Abdulsamad tela ne a bakin kasuwar Bunkure, kuma Allah ya ba shi hannu. Wuyan rigar da ya ɗinka ko a cikin sahun Juma'a ana gane shi. Dogo ne mai faɗin kafaɗa, irin saurayin da in mota ta maƙale a laka sai kowa ya juyo yana kallonsa. To a nan matsalar take. Jikin yana yi wa mutane alkawarin abin da ba ya iya cikawa.

A da shi ne ɗan gaba a ƙungiyar ƙwallon unguwarsu. Sai ya fara cewa ai tsakiya ta fi dacewa da mai tunani. Daga tsakiya ya koma baya, daga baya ya koma gola, ya ce gola ne kaɗai yake ganin fili duka. Yanzu shi ne mai riƙe wa 'yan wasa wayoyinsu a gindin darbejiya, yana ba da umarni daga zaune. Jama'a sun ɗauka girma ne ya zo masa da wuri. Badamasi kaɗai ya san zancen: in Abdulsamad ya ɗan yi gudu ko ya hau tudu, numfashi sai ya kufce masa, ƙirjinsa ya ɗaure kamar an ja zariya, zuciyarsa ta riƙa bugawa ba tsari, wani lokaci har ya ga duhu-duhu da rana tsaka.

Da zai yiwu, da haka zai ƙare rayuwarsa a zaune, tsakanin keke da benci. Sai Allah ya kawo Ummulkhairi.

Ɗinkin Sallah ta kawo, ta dawo ta ce hannun ya yi tsawo. Ya rage, ta dawo ta ce ya yi gajere. Ta yi ta dawowa har rigar ta gaji, su kuma suka daina maganar riga. Ba doguwa ba ce, ba kuma za a ce ta fi 'yan matan garin haske ba, amma in ta yi dariya sai Abdulsamad ya ji kamar an sako ruwa a gona bayan dogon rani, komai nasa ya ɗago kai.

Mahaifinta, Malam Baballe, manomin shinkafa ne a bakin babban kanal, magudanar nan da ke kawo wa yankin ruwan noman rani. Duk 'ya'yansa mata da suka yi aure, ta hanya ɗaya ya aurar da su. Saurayi zai kawo gayya, ya tara abokansa su yi wa tsohon aikin girbi kyauta, kamar yadda aka saba. Amma Malam Baballe ya ƙara nasa a kai. Buhun farko da aka cika, saurayin ne zai saɓa shi a kafaɗa, ya ratsa gonar, ya hau gaɓar kanal da shi har inda a-kori-kura take jira. In ya sauke buhun a mota, a nan tsohon yake cewa, "Ka turo manyanka." Bai taɓa faɗin wannan magana a zaure ba.

Gayyar Abdulsamad kuwa ranar Asabar ce.

"To in ba basir ba ne, mene ne?" Badamasi ya sake tambaya.

"Gajiya."

"Gajiyar zama?"

Kafin ya sami amsa wuta ta ɗauke, keken ya tsaya cak a tsakiyar layi. A daidai lokacin Sista Joanna ta yi sallama. Ma'aikaciyar jinya ce a ƙaramin asibitin garin, 'yar Filato, ta daɗe a Bunkure har yaran da aka haifa a hannunta sun fara tuƙa babur. Rigar coci ta zo karɓa, saura kalmasar ƙasa kawai.

"Yanzu-yanzu, Sista," in ji Abdulsamad. Ya fita wajen janareto, ya kama igiya ya ja. Ya ƙi. Ya sake ja, ya sake, ya tattara ƙarfi ya fizga, janareton ya tashi da hayaniyarsa. Shi kuma ya dafa bango. Ya so ya yi murmushi, leɓensa suka ƙi. Gumi ya keto masa, yana jan iska da baki kamar wanda ya sha gudu daga Kura.

Sista Joanna ta ajiye jakarta.

"Tela, zo ka zauna. Tun yaushe kake wannan hakin?"

"Zafi ne, Sista."

"Basir ne," in ji Badamasi.

"Kai, rufa mana baki da basir ɗinka." Ta kama tsintsiyar hannun Abdulsamad, ta ɗora yatsu, ta yi shiru tana saurare da su. Fuskarta ta wasa ta tafi. "Ƙirjinka yana ɗaurewa? Kana ganin jiri? Kana ƙarami ka taɓa yin ciwon maƙogwaro, daga baya gaɓoɓi suka kumbura?"

"Iya ta ce na yi ciwon gaɓoɓi. Aka ce sanyi ne."

"Hm." Ta saki hannun. "Ni ba likita ba ce, ba zan sa wa abin suna ba. Yana iya zama ƙarancin jini, yana iya zama zuciyar ce da kanta take neman a duba ta. Amma saurayi kamarka ba ya haki don ya tayar da janareto. Akwai na'ura a babban asibiti a birni da take nuna zuciya tana aiki, kamar kana kallon talabijin. Da yawa daga cikin abubuwan nan suna da magani in an kama su da wuri. Ka je. Kafin nan kuma kada ka ɗauki kaya mai nauyi, kada ka yi gudu."

Abokan suka kalli juna.

"Sista," in ji Badamasi a hankali, "buhun shinkafa yana cikin kaya mai nauyi?"

"A'a, auduga ce. Kai wai lafiyarka?"

Abdulsamad ya roƙe ta kada maganar ta fita. Ta ce aikinta ba tallan ciwon mutane ba ne, amma kada ya sa ran ta ce masa lafiyarsa ƙalau. Ta karɓi rigarta, ta tsaya a bakin ƙofa ta nuna shi da yatsa, sannan ta tafi.

"Ka ji dai," in ji Badamasi.

"Na ji. Bayan Asabar zan je." Abdulsamad ya murza goshi. "Ka san garin nan. In aka ce 'telan nan mai ciwon zuciya' da safe, kafin la'asar an gama yi mini jana'iza a baki. Wa zai ba ni 'ya? Malam Baballe da yake auna suruki da buhu?"

Badamasi ya yi shiru, abin da ba ya yi sai in wata ɓarna tana nuna a kansa. Can sai ya miƙe zaune.

"Mutumina. Wa yake buɗe buhun farko?"

"Ba wanda yake buɗewa. A mota ake jefa shi."

"To ƙaiƙayi fa? In na danna ƙaiƙayi a buhu ya cika ya yi tim, ko uwar buhun ba za ta gane shi ba. Ka saɓa abinka ka hau kana fito. Ni zan biyo ka motar in karɓa."

Abdulsamad ya ce Allah ya kiyaye, wannan ai yaudara ce. Ya sake cewa Allah ya kiyaye. Sannan ya tambaya ko ƙaiƙayin busasshe ne.

Da la'asar sakaliya ya tafi zance. Gidan su Ummulkhairi yana hayin kanal, bayan 'yar gada, a kan ɗan tudun da yara suke hawa da gudu suna tura taya. Ya tsaya a kan gadar kamar mai kallon ruwa, ya huta, sannan ya hau a hankali. Duk da haka da ya isa ƙofar gidan sai da sallamar ta rabu biyu.

"Assalamu..." Ya ja numfashi.

Ummulkhairi ta fito da tabarma, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, idanunta suna dariya.

"Malam tela, ƙarasa mana."

"...alaikum."

"Ka san me na gaya wa ƙawata Nafisat? Na ce nata saurayin yana aiko mata waƙoƙi a waya, amma nawa in ya gan ni ko sallama ba ya iya ƙarasawa. Ta ce ƙarya nake. Na ce ta zo ta laɓe ta gani."

Ya zauna a gefen tabarmar, zuciyarsa tana ta tsalle-tsallenta. Rana ta yi ja a kan gonakin shinkafa, balbelu suna komawa gida a jere, iska tana kawo ƙamshin turaren da ta sa a mayafi. Maganar ta zo masa har baki. Zai ce, Ummu, ba ke kaɗai ba ce, tudun nan ma da nasa. Amma ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma, tana jin daɗin abin da ta yi imani da shi, shi kuma bai taɓa ganin abin da ya kai wannan kyau ba. Ya haɗiye.

"Ni zan kawo zoɓon gayya," ta ce. "Har da ƙanƙara. Mijin Yaya da ya hau gaɓar nan waƙa yake yi. Kai me za ka yi?"

"Ni zan hau ina kallon inda kike."

"Ka dai kalli gabanka, kada ka faɗa kanal."

Ranar Juma'a Badamasi ya shigo shago ta baya da buhun, ya danna shi ya cika fam, gwanin sha'awa. Ya ɗauko basilla da igiya zai ɗinke bakin, irin ɗinkin gona, manyan tsalle-tsalle. Abdulsamad ya kalli ɗinki biyu na farko, ya ji kamar ana soka masa basillar a ido.

"Kawo nan."

"Buhu ne fa, ba kaftani ba."

"Abin da zai hau kafaɗata a gaban Ummulkhairi ba zai fita da wannan ɗinkin ba."

Badamasi ya tallafe buhun, shi kuma ya ja bakin a ƙarƙashin allura, ya yi masa layi biyu miƙaƙƙu da farin zare, har da 'yar kalmasa. Suka tsaya suna kallon aikin. Ko buhun amarya albarka.

Asabar ta waye da haske. Gonar Malam Baballe ta nuna ta yi ruwan zinariya har bakin kanal, samari sun jeru da lauje, Usaini makaɗi yana bin bayansu da ganga yana kiran sunan kowa da na kakansa. A gefe an shimfiɗa tampol, an kwantar da duro, masu bugu suna ɗaga dami suna maka shi, ƙwayar tana zuba kamar ruwan sama a kan kwano. Mata suna shiƙa, iska tana kwashe ƙaiƙayi. A gindin mangwaro Ummulkhairi da ƙannenta sun ajiye manyan kuloli na zoɓo, ita kuma tana yin kamar ba ta san da wani tela a gonar ba.

Badamasi ya riga ya tsara komai. Ya sanar da babbar murya cewa tunda Allah ya ba su tela, ai asara ce a ba shi lauje. Shi ne mai ɗinke buhuna. Aka yi dariya, aka yi masa tsiya, aka kawo masa basilla. Buhun ƙaiƙayi kuwa tun da sassafe yake kwance a ƙarƙashin tarin ciyawar da aka gama bugewa.

Da buhun farko ya cika aka ɗinke, Badamasi ya raɗa wa Usaini magana. Ganga ta juya kan Malam Baballe, ana zuba masa kirari, kowa ya waiwaya yana tafi. Kafin a juyo, buhun gaske ya koma cikin 'yan'uwansa, na ƙaiƙayi ya tsaya a gaba da farin zarensa.

Malam Baballe ya taho, gajeren tsoho mai furfura a gemu, wandonsa a naɗe har gwiwa. Ya kalli buhun. Ya kalli Abdulsamad. Ya ce, "Bismilla."

Badamasi ya kama gindin buhun yana nishi.

"Wash! Baba, wannan shinkafa ce ko dutse? Wayyo bayana!"

"Ya isa," Abdulsamad ya ce ta gefen baki.

Buhun ya hau kafaɗa kamar matashin kai. Abdulsamad ya ɗan lanƙwasa don a ga alamar nauyi, ya kama siririn tudun da ya raba gonaki. Da farko lafiya lau. Iska tana kaɗa rigarsa, samari suna ihu, wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa. Ya saci kallon gindin mangwaro, ya ga Ummulkhairi ta miƙe tsaye, ludayi a hannu, ta manta da mayafin da ya zame. Usaini ya ƙara wa ganga wuta. Wane saurayi ne zai ji wannan kiɗa, ya ga waɗannan idanu, ya ci gaba da tafiyar hawainiya? Ƙafafunsa suka tuna zamanin da yake ɗan gaba. Ya fara sassarfa. Ya fara gudu.

"A hankali!" Badamasi ya ƙwala daga baya, ganga ta cinye muryarsa.

Gaɓar kanal ta tare shi. Ya hau rabi da ƙarfin kiɗa. Daga nan zariyar nan ta ƙirji ta ja, ta sake ja. Ya buɗe baki, iskar ta ƙi shiga. Zuciyarsa ta riƙa fat-fat-fat, ta yi kamar ta tsaya, ta sake ɓallewa. Gangar ta koma can nesa kamar a wani ƙauye ake kaɗa ta. Yana ganin motar, yana ganin tayarta, sai hasken rana ya fara tsukewa ta gefe-gefe. Abin da ya zo masa a rai a wannan lokacin, a fili kamar an faɗa masa a kunne, shi ne: ba komai a buhun nan. Ba komai a ciki, amma ga ni.

A daidai saman gaɓar gwiwoyinsa suka saki. Ya durƙusa, buhun ya zame ta gaban kafaɗarsa, ya yi tsalle ɗaya kamar ƙwallo, ya gangara ɗaya gefen, ya faɗa kanal.

Bai nutse ba. Ya kwanta a kan ruwa abinsa, ya juya a hankali, ya kama hanya kamar wanda ya makara zuwa kasuwa, farin zaren yana walƙiya.

Ganga ta mutu.

Badamasi ne ya fara isowa, sai Malam Baballe, wanda ya hau gaɓar da saurin da ba a san yana da shi ba. Suka jingina Abdulsamad, aka kwance masa maɓallin wuya, ana yi masa fifita da hula. Sannu a hankali duniya ta dawo: haske da farko, sannan muryoyi, sannan kunya. Da numfashinsa ya daidaita aka tallafe shi aka sauko da shi gindin mangwaro, kusa da buhunan. Bai kalli kowa ba. Yana jin raɗe-raɗin yana zagaya gonar. Ƙaiƙayi ne. Ƙaiƙayi? Wallahi ƙaiƙayi. Wani ya kasa riƙe dariya ya mayar da ita tari.

Abdulsamad ya dafa ƙasa ya miƙe.

"A ɗora mini na gasken," ya ce.

"Kai mahaukaci ne?" in ji Badamasi. "Ka manta abin da Sista..." Ya kama bakinsa.

"A ɗora mini."

 Malam Baballe ya tako ya zauna daram a kan buhun farko na gaske, ya harɗe ƙafa, ya gyara hula.

"In za ka ɗauka, sai dai ka haɗa da ni," ya ce. "Yaro, tun ina ƙarami nake ɗinke buhu a gonar nan. Ban taɓa ganin buhun da ya fito daga gona da kalmasa ba. Tun daga can na hango zaren. Na ce a raina, to, wannan rago ne mai wayo. Bari ya kai mota, in ce a buɗe mu ga irin shinkafar da telan Bunkure yake nomawa." Aka yi 'yar dariya, ya ɗaga hannu aka yi tsit. "Amma rago in ya sami buhun ƙaiƙayi ba ya faɗuwa. Rawa yake yi da shi har mota. Kai ka faɗi. Mene ne?"

"Baba," in ji Badamasi, "ni dai a ganina bas..."

"Kai."

"Na yi shiru, Baba."

Ummulkhairi ta matso da kofin ruwa. A gaban mahaifinta ne, ga gayya guda tana kallo, don haka ba ta dubi Abdulsamad ba. Kofin ta duba, da kofin ta yi magana, murya ƙasa-ƙasa. Idanunta sun yi ja.

"Ashe ba ni ce nake ɗauke maka numfashi ba."

"Ke ma kina ciki," ya ce. "Wallahi kina ciki."

"To ni na fasa ɗauke maka numfashin. Ban ce ina so ba kuma. Ina son ka riƙa ƙarasa sallama." Ta miƙa masa kofin. "Har mu tsufa kana ƙarasawa."

Ya karɓa. Ya kalli buhun da tsohon yake zaune a kai, ya kalli gaɓar kanal, wadda yara suke hawa da gudu don wasa. Duk tsawon lokacin nan yana canza wuri a filin ƙwallo, yana tsayawa a gada yana kallon ruwan da bai dame shi ba, don kada a faɗi wata kalma a kansa. Yanzu ga garin nan duka a tsaye da lauje a hannu, kuma abin mamaki, faɗin kalmar bai kai hawan gaɓar wuya ba. Ya sha ruwan, ya durƙusa a gaban Malam Baballe, ya ɗaga murya yadda na bakin tampol ma za su ji.

"Baba, ku gafarce ni. Ba zan iya ɗaukar buhun nan ba. In na yi gudu ko na hau tudu numfashina yana yankewa, ƙirjina yana ɗaurewa, kuma ya daɗe. An ce in je a duba zuciyata, na ƙi, don ina tsoron ku hana ni Ummulkhairi. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan tafi babban asibiti a birni. Abin da likita ya ce, zan zo in faɗa muku da bakina."

 Malam Baballe ya shafa gemu. Ya juya wajen 'yarsa.

"Ke, kin ji da kunnenki. Ba a san abin da za a gano ba. Kina nan?"

Ummulkhairi ta ja mayafi ta rufe fuska gaba ɗaya. Daga ciki muryar ta fito, ƙarama amma ba gargada.

"Ina nan, Baba."

Tsohon ya miƙe daga kan buhun, ya karkaɗe wando, ya dubi gayyar ɗaya bayan ɗaya har idonsa ya sauka a kan Badamasi, wanda ya fara ja da baya a hankali yana neman bayan Usaini.

"To ku ma ku ji nawa," in ji Malam Baballe. "Litinin tare za mu tafi birnin, ni da shi. Ranar da muka dawo, ko me likita ya ce, ya turo manyansa. Buhun farko kuwa ba zai kwana a gona ba. Badamasi, zo nan. Kai za ka hau da shi, na gasken, in ka sauke kuma ka bi kanal ka kamo mini wancan mai kalmasar."